Jari a Bakin Majalisa: Nasiha ga Attajirai da Samarin Kaduna

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya arzikin bayinSa a hannun junansu, domin kowa ya bukaci ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaidi amanarsa a fatauci tun gabanin aike, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa masu karanta wannan fili, yau ina so in yi magana a kan wani al'amari da ke gudana kullum a gabanmu a nan Kaduna, amma ba safai akan ɗauke shi abin rubutawa ba. Watau yadda mai dukiya da mai neman jari suke gamuwa a majalisa, da abin da yakan biyo bayan wannan gamuwa, na alheri ko na nadama.

Duk wanda ya zaga unguwannin da ke arewacin kogi bayan sallar isha'i, tun daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi har Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa da Badarawa da Kawo, lalle zai ga mutane ƙungiya ƙungiya, waɗansu a kan tabarma a ƙofar gida, waɗansu a kan benci a gaban mai shayi. Ba su da shugaba, ba su da littafin sunaye, ba a biyan kuɗin shiga. A wuri guda za ka tarar da dattijo mai shago a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, da ma'aikacin da ya yi ritaya yana riƙe da kuɗin sallamarsa bai san inda zai sa su ba, da dillalin filaye, da saurayin da ya gama koyon sana'a a Panteka ba shi da ko sisin sayen kayan aiki. Haka nan harabar Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki, wanda aka gina a 1962, takan zama irin wannan mahaɗa bayan an sauko daga Juma'a, da kuma cikin watan azumi in an tashi daga tafsiri. Wurin ɗaurin aure da na suna da na zaman makoki ma duk haka ne. Hira ce ake yi, amma a cikin hirar nan ake jin wane yana neman yaro mai amana, wane kuma yana da dabara ba shi da kuɗi.

Ka sani, ya kai mai karatu, akwai dalilin da ya sa majalisa ta fi ƙarfi a Kaduna bisa ga tsofaffin birane. A Kano, inda Kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, in yaro ya zo neman jari, abin da za a fara tambaya shi ne ɗan gidan wa ne. In an san ubansa da kakansa, to, asalinsa ya zama jinginarsa, gama ba zai gudu ya bar zuriyarsa da abin faɗa ba. Da haka fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suke ɗauko dukiyar iyayen gidansu su yi watanni a hanya, da haka kuma Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya riƙa ba wakilansa kuɗi suna shiga ƙauyuka sayen gyaɗa. Amma Kaduna garin baƙi ce. Turawa ne suka ɗauko helkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan a 1917, mutane suka biyo aikin gwamnati da na soja da na jirgin ƙasa daga kowace nahiya. Sunayen unguwanninmu ma sun isa shaida: ga Unguwar Kanawa, ga Tudun Nupawa. Tun da yake ba a san kakan kowa ba, sai zama tare ya maye gurbin asali. Wanda kuka yi shekara kuna sahu ɗaya a masallaci, kuna shan shayi a teburi ɗaya, shi ne ka sani.

Har wa yau zamani ya ƙara wa majalisa nauyi. A da, yaro in ya tasa yakan ƙetare gada ya nemi aiki a masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu, Kaduna Textiles, aka buɗe a 1957. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, sauran kuma suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Aikin albashi ya yi ƙaranci, ya zama tilas saurayi ya kafa abin kansa, kafawa kuwa ba ta yiwuwa sai da jari. Banki yana neman takardar gida ko ta fili, abin da ɗan talaka ba shi da shi, ga kuma kuɗin ruwa wanda mai tsoron Allah yake gudu. Gaskiya ne bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da ruwa, ya fara aiki a 2012 kuma Kaduna tana cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe, amma shi ma banki ne, yana da ƙa'idodin da ba kowane mai farawa yake iya cikawa ba. Akwai kuma manyan taruka, kamar kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a Kaduna tun 1979, da taron masu zuba jari da gwamnatin jiha ta fara a 2016. Waɗannan na manyan kamfanoni ne. Mai neman abin sayen injin walda guda ɗaya ba ya samun kujera a can. Saboda haka ƙofar da ta rage masa ita ce bakin majalisa.

Yanzu kuma ga wani sabon iri na masu neman jari ya bayyana, su ne samari masu aiki da kwamfuta. Su ba su zo da buhu ko bandir ba, sun zo da dabara: wani yana so ya ƙera manhajar da za ta haɗa manomi da mai saye, wani ta kai saƙo gida gida, wani ta riƙe wa mai shago lissafinsa a waya. Suna da nasu wuraren zama, kamar CoLab da aka buɗe a Barnawa, ƙetaren kogi, a 2016, kuma sukan shirya zaman shan shayi su gayyaci masu kuɗi su saurare su. Sun ji labarin kamfanin Paystack wanda samari biyu suka kafa a Ikko, har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200, shi ya sa zukatansu suka ɗaga. Ni ban ga laifinsu ba. Abin da suke yi majalisa ce dai, sai dai ta sake riga.

To, mene ne amfanin majalisa wanda ofis ba shi da shi? Amfaninta sanin hali. Takarda tana nuna abin da mutum ya karanta, amma zama tare shi ke nuna ko yana cika alkawari, ko yana biyan mai shayi bashinsa, ko in an aike shi yana dawo da canji, ko yana iya riƙe bakinsa. Attajiri mai hankali yakan yi wata da watanni yana duban yaro ba tare da ya ce masa kome ba, ya gwada shi da kaɗan kafin ya ba shi mai yawa. Wannan hikima ce ta iyayenmu, ba kuwa abin yarwa ba ce.

Amma fa majalisa tana da cuta guda, ita ce kunya, ni kuwa na ɗanɗani ɗacinta da kaina. Akwai wani almajirina wanda ya sauke Alƙur'ani a hannuna, sa'an nan ya koyi haɗa wutar sola, ya ƙware ƙwarai. Ni na kai shi majalisarmu, ni na yabe shi a gaban wani Alhaji mai sayar da hatsi, abokin zamana na shekara da shekaru. A farkon 2023 Alhajin nan ya ɗauki naira miliyan 3 ya ba shi a gabana, abin da ya ce kawai shi ne: "Je ka juya, Allah Ya sa albarka." Yaron ya durƙusa ya yi godiya, muka shafa fatiha. A raina na ji ya kamata in tambaya, shin rance ne ko ƙiradi, kuma yaya rabon riba zai kasance. Amma na ji nauyin Alhaji, kada ya ce ina tuhumar alherinsa, sai na yi shiru. Shi ma yaron nauyi ya hana shi tambaya.

Bayan wata guda Alhaji ya aika a karɓo masa naira dubu 100, ya ce rabonsa na wata, haka aka yi ta yi har wata shida. Ana cikin haka, a tsakiyar shekarar, darajar naira ta faɗi, kuɗin batura da farantan sola ya tashi, alhali kuwa yaron ya riga ya yi ciniki da mutane a kan tsohon farashi. Wani kuma da ya yi wa aiki bashi ya ƙi biya. Da aka zauna lissafi, sai aka tarar abin da ya rage na kuɗi da kaya miliyan 1 da dubu 700 ne, ga dubu 400 a hannun mai bashi, ga dubu 600 da Alhaji ya karɓa, dubu 300 kuma sun salwanta. Alhaji ya ce shi rance ya bayar, a cika masa miliyan 3 ɗinsa. Yaron ya ce shi a saninsa kasuwanci suke yi tare, riba tasu, hasara tasu. Kowannensu ya rantse, kuma na tabbata ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, gama kowa abin da ya ƙudurta a zuciyarsa ya faɗa. Magana ce ba a yi ta ba tun farko.

Da suka kawo mini maganar, na ce wa Alhaji: "Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri, ɗayan biyu ne. In rance ne, to, dubu ɗari ɗarin nan da kake karɓa kuɗin ruwa ne, ba su halatta gare ka ba, sai a lissafa su cikin biyan uwar kuɗi. In kuwa ƙiradi ne, to, hasarar da ta auku ba da sakacin yaro ba a kan dukiyarka take. Ba ya yiwuwa ka ci ribar ƙiradi sa'an nan ka nemi lamunin rance." Na juya ga yaron na ce masa shi ma ya yi kuskure, domin mai juya dukiyar wani ba ya sayarwa bashi sai da izinin mai ita. Daga ƙarshe aka yi sulhu: aka lissafa dubu 600 cikin uwar kuɗi, ya mayar da abin da ya rage, ya ɗauki nauyin dubu 400 na mai bashi, Alhaji ya haƙura da dubu 300. Yaron ya tashi da wahalar watanni a banza. Kuɗi sun daidaita, amma zukata ba su koma kamar da ba. Alhaji ya rage zuwa majalisa, kuma tun daga ranar bai sake ba wani saurayi jari ba. Samari nawa ne wannan ƙofa ta rufe a gabansu saboda tambaya ɗaya da na ji kunyar yi, ni da nake malami a wurin?

Abin mamaki, ya 'yan'uwa, shi ne wannan babi yana cikin littattafan da muke karantarwa a zaurukanmu. Nana Hadiza, Allah Ya yarda da ita, ta ba Manzon Allah dukiyarta ya tafi da ita Sham fatauci tun kafin aurensu. Imamu Maliku ya keɓe wa ƙiradi littafi guda a cikin Muwaɗɗa, ya kawo labarin Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umaru, waɗanda Abu Musal Ash'ari ya ba su dukiyar baitulmali daga Basra su kai Madina, suka sayi kaya da ita suka sami riba. Umaru ya nemi su ba da uwa da riba duka, Ubaidullahi ya yi gardama cewa da ta salwanta su za su biya. Sai wani daga cikin mazauna wurin ya ba da shawara a mai da abin ƙiradi, aka karɓi uwar kuɗi da rabin riba, aka bar musu rabi. Dubi yadda mutumin nan bai ji nauyin yin magana a gaban Halifa ba, maganarsa kuwa ta warware matsala.

Ga sharuɗɗan ƙiradi a taƙaice kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka bayyana a Risala da Muhtasar. Na farko, jari ya zama kuɗi ne sanannen adadi, a danƙa shi ga mai juyawa, ba kaya ba, ba kuma bashin da ake binsa ba. Na biyu, rabon riba ya zama da kashi, kamar rabi ko sulusi ko rubu'i, ba a yanka wani adadi a ce kowane wata sai an kawo kaza. Na uku, hasara tana kan mai dukiya, mai juyawa kuma ya yi hasarar wahalarsa, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa, sa'an nan ya biya. In aka sharɗanta masa lamunin uwar kuɗi tun farko, ƙiradin ya ɓaci. Na huɗu, ba a raba riba sai kaya sun koma kuɗi, an fitar da uwa, abin da ya hau shi ne riba. Na biyar, in ya yi tafiya da dukiya mai yawa, yana da abincinsa da tufafinsa a cikinta gwargwadon al'ada. Wanda ya duba waɗannan zai ga shari'a ta tsare kowane ɓangare: mai kuɗi ba a ci amanarsa, mai wahala ba a mai da shi bawa.

Amma abin da samarin kwamfuta suke nema, watau mai kuɗi ya sayi kashi sananne na kamfaninsu ya zama yana da hannu a ciki, wannan ya fi kusa da babin tarayya. Ya kamata attajiri ya gane tun farko cewa irin wannan kamfani yakan yi shekaru bai kawo kome ba, da yawa kuma sukan mutu a hanya, don haka kada ya sa kuɗin da zai bukata gobe, balle dukiyar marayu ko ajiyar mutane. Shi kuma saurayi ya yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC, a rubuta kashin kowa da sunansa, ya raba aljihunsa da asusun kamfani, ya yi bayani da Hausar da dattijo zai fahimta. Dabarar da mai ita ya kasa bayyana wa ɗan kasuwa inda ribarta take fitowa, akwai sauran aiki a kanta. Kuma duk wanda ya zo majalisa ya yi alkawarin riba tabbatacciya kowane wata, ba hasara ko kaɗan, a yi hattara da shi. Ba mu manta da MMM ba, wadda ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, sa'an nan ta rufe asusunsu a Disamba 2016, aka bar masu kuka da yawa.

Nasihata ga attajirai ita ce, in kun yi niyyar taimako, ku faɗi sunan abin da kuka bayar da bakinku: kyauta ce, ko rance, ko ƙiradi, ko tarayya. Ku ne manya, ku ya kamata ku fara cewa a kawo takarda, domin yaro ba zai iya ba. Kada kuma ku tsaya ga 'ya'yan abokanku kaɗai. Akwai almajirin da iyayensa suke ƙauye, akwai maraya, akwai mata masu sana'a a cikin gidaje waɗanda ba sa zama majalisa amma ana iya kai maganarsu ta hannun mazansu ko 'yan'uwansu. Tun bayan fitinun 2000 da 2002 garin nan ya rabu, kowa ya koma gefensa na kogi, abokan ciniki da yawa suka daina ganin juna. Mai jari da mai sana'a in suka ƙi ƙetare gada saboda tsoro, dukansu ne suke cutuwa.

Ga samari kuwa ina cewa, ku zo majalisa da ladabi da haƙuri, kada ranar da kuka fara zama ta zama ranar roƙo. Ku zo da lissafi a rubuce: kaza nake bukata, kaza zan saya, nan zan sayar, ga abin da zai iya ɓata ciniki. Ku faɗi hasara ranar da ta auku, kada ku ɓoye ta har ta girma. Wanda ya riƙe amanar dubu 50 shi ake ba miliyan.

Mu kuma malamai, nauyinmu ya fi na kowa, gama a gabanmu ake ƙulla yawancin waɗannan al'amura, mu ake cewa mu yi addu'a. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kullum muna biya wa yara ita a allo. Kada mu ɗaga hannu mu shafa fatiha sai mun tambayi ɓangarorin biyu abin da kowa ya nufa, an rubuta da ajami ko da boko, shaidu biyu sun sa hannu, kowa ya riƙe tasa takardar. Ni dai tun daga abin da ya same ni, ba na zuwa majalisa sai da alƙalami da takarda a aljihu. Da fari abokaina suna yi mini dariya, suna ce mini magatakarda. Yanzu su suke aikowa a kira ni. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, balle mutum biyu da kuɗi a tsakaninsu, saboda haka rubutu ba rashin yarda ba ne, tsare zumunci ne.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba samarinmu sana'a ta halal, Ya ba masu dukiya zuciyar taimako, Ya zaunar da Kaduna lafiya gaba da bayan kogi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara mini. Haza wasalam.